Asabar muna taɓukawa, Lahadi a koro mu gida

Baban Sadik: Salamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san besbol ɗin yara a nan Amurka. Ni ƙwallon ƙafa na taso ina bugawa a Damagaram, besbol ɗana ne ya ja ni ciki tun yana Little League, wato gasar ƙananan yara ta unguwa, a nan Bronx. Bara kocinsu ya tashi, iyaye suka ɗora mini ƙungiyar, ta 'yan shekara 12 masu zuwa gasa gari-gari. Yara 11 ne, yawancinsu 'yan Dominika. Mun je gasa biyar tsakanin New Jersey da Long Island. Asabar a wasannin rukuni mukan ci ɗaya ko biyu, amma Lahadi da an shiga sili ɗaya ƙwale, wasan farko ake sallamarmu. Iyaye na biyan rajista da mai da otal, sun fara ƙunƙuni. Wani uba ya ce in sa a sayi sababbin sanduna, in nemo yara biyu masu ƙarfi in ajiye biyu. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Ɗan Zongo, Columbus: Wa alaikumus salam Malam. Masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, nawa gare ka? Ina jin biyu ne, kuma kana ƙone su tun Asabar don ka samu matsayi mai kyau. Ka'idar kare hannun yara mai suna Pitch Smart, ta babbar gasar MLB da hukumar USA Baseball, ta ce ɗan shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a rana. In ya yi 66 ko fiye, hutun kwana huɗu. Daga 21 zuwa 35 ma sai ya huta kwana ɗaya. Wanda ya tsaya a 20 ne kaɗai zai iya sake hawa washegari. To ka ga lissafin: Asabar ta yaran tsakiya ce, gwanayenka biyu ka ɓoye su sai Lahadi. Kenan kana bukatar shida ko bakwai masu iya jefa ƙwallo ta bi ta kan faranti, wato alamar da ke ƙasa gaban mai bugu. Ba sai mai gudun tsiya ba. A wannan shekarun, wanda ba ya ba da bes kyauta (wato ya kauce wa saiti sau huɗu, mai bugu ya wuce bes, zangon gudu na farko, ba tare da bugu ba) ya fi mai ƙarfin da ba ya saiti.

Sannan filin ya canja muku. A Little League jifa ƙafa 46 ne, tsakanin bes ƙafa 60, kuma mai gudu ba ya barin bes sai ƙwallo ta iso wurin mai bugu. Yanzu kuna kan 50 da 70, yaro na ɗagawa daga bes tun kafin a jefa. In masu jifanka ba su iya tsare mai gudu ba, duk wanda ya samu bes na farko kamar ka kai shi na uku ne da hannunka.

Maman Ikram: Baban Sadik, ni uwa ce, ba koci ba. Babban ɗana shi ne mai cafka, wato mai tsugunnawa bayan mai bugu yana kama jifa, a ƙungiyarsu, kuma kocin kan cire masa kaya ya ce hau ka yi jifa, duk a rana ɗaya. Wata uku muka yi muna zaryar asibiti da gwiwar hannu. Don Allah ka horar da mai cafka na biyu. Kuma ka tambayi iyaye ko yaran na wasa a wata ƙungiyar tsakiyar mako, don ba sa faɗa, su ma tsoron a zaunar da ɗansu suke yi.

Alhaji na Greensboro: Ɗan Zongo ya yi gaskiya, amma batun ajiye yara ban ga laifinsa ba in an yi shi a kan lokaci. Wannan ba wasan unguwa ba ne, kuɗi ake zubawa. Ƙarshen bazara ake gwajin ɗaukar 'yan wasa, nan za ka faɗa wa kowane uba gaskiya a gaban idonsa. Tsakiyar kaka kam cin amana ne. Ka kuma duba ajin da kuke shiga. USSSA, ƙungiyar da ke shirya irin waɗannan gasa, tana da aji A, AA, AAA da Major, daga ƙasa zuwa sama. In AAA kuke ana lallasa ku, sauko AA, ba abin kunya ba ne. Sanda kuwa rabu da ita, mai kasuwa kaɗai take yi wa amfani.

Baban Sadik: Allah ya saka da alheri. Daren jiya bayan na ajiye mota na buɗe GameChanger, manhajar da ke ajiye lissafin wasanni, na ƙirga. A wasannin Lahadi biyar ɗin nan mun ba da bes kyauta 31, kuma yara biyun nan su ne suka yi kusan duk jifan, kamar Ɗan Zongo yana wurin. Alhaji, AAA muke, tsohon koci ne ya sa mu. Hajiya, abin da kika faɗa ya taɓa ni, don Sadik ɗin ne mai cafkarmu kuma na sa shi jifa sau biyu. Atisayen Talata zan ba wa kowane yaro jifa 15 in ga wanda ke saiti. Saura mahaifiyarsa, wadda tun farko ba ta yafe mini Islamiyyar Lahadi da yake rasawa ba.