Kanta ta yage a tafin hannuna, ya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina motsa jiki da asuba a filin ƙwallon unguwarmu, inda mai walda ya kafa mana sandar ƙarfe, muna rataya muna ɗaga jiki. Tun shigowar hunturu kantar da ke gindin yatsuna ta yi kauri ta bushe, jiya kuma ɗaya ta yage har da jini. Abokina ya ce in sa reza in yanke sauran, wani ya ce in sayi safar hannu. Wanne zan bi? Ko kuwa in haƙura da ƙarfen?

Wani tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanina, sannu. Kanta ba ciwo ba ce, fata ce ta yi wa kanta garkuwa saboda gurzar ƙarfe, kuma kana buƙatarta. Wadda ke yagewa ita ce wadda ta yi tudu ta bushe, ƙarfe ya samu wurin kamawa ya fizge ta. Idan ka yi wanka, fata ta yi laushi, ɗauki dutsen goge kaushi ka goge ta a hankali har ta yi daidai da sauran tafin, sau ɗaya ko biyu a mako. Kar ka cinye ta duka. Reza kuwa ajiye ta, ba ta san inda matacciyar fata ta ƙare ba.

Sannan duba riƙonka. Yawancin sababbi suna ɗora ƙarfen a tsakiyar tafi, nauyin jiki ya ja, fata ta naɗe ta matse a gindin yatsu. Ɗora shi daidai inda yatsu suka haɗu da tafi, sannan ka dunƙule. Da farko za ka ji ƙarfin riƙonka ya ragu, amma zai dawo.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, fara da ciwon tukuna. Wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, fatar da ke reto ka datse ta da almakashi mai tsabta, ka shafa basilin, ka rufe da filasta, kana canzawa kullum. Don Allah ban da man birki, toka ko man goge baki, da idona na sha ganin ɓarnarsu. Tunda ƙarfen a waje yake cikin ƙura, tuna rabonka da allurar tetanas. Manya ana so su sabunta duk bayan shekara 10. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya zo, tafi asibiti. Mai ciwon suga ma kada ya jira a kai ga haka.

Wani ɗan'uwa: Ni dai safar hannu nake sawa, hannuna lafiya lau.

Tsohon hannu: Ba a hana ba, ɗan'uwa, amma tana ƙara wa ƙarfen kauri, riƙo ya yi wuya, in gumi ya jiƙa ta kuma sai ta riƙa zamewa tana haifar da bororo. Na fi son allin 'yan wasa, yana shanye gumi. Sai dai yana busar da fata, ga hunturu, don haka a wanke hannu bayan an gama, a shafa man kaɗe da dare. Kar a shafa mai kafin hawa ƙarfe, santsi zai kayar da mutum.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To atisayen fa, Yaya?

Tsohon hannu: Bar rataya sai fata ta haɗe, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. Kafin nan yi gudu, tsallen kwaɗo da atisayen ciki. Ka kuma shafa sandar da hannu: in akwai tsatsa ko tudun walda a inda kuke riƙewa, ku sa samfefa ku goge.