Don Allah wa ya san harkar gwanjon zanen Dali?

Assalamu alaikum jama'a, ni a Jidda nake, unguwar Karantina. Maigidana Balarabe ne mai son tara zane-zanen nan masu kama da mafarki, irin na Salvador Dali ɗan Sifen, agogo na narkewa, giwa da ƙafa kamar tsinke, ni dai ban ga abin so ba amma shi kuɗinsa ne. Tun gwanjon da babban gidan gwanjon nan Sotheby's ya yi a Diriyya, kusa da Riyad, a 2025 abin ya shiga ransa.

To yanzu ya sa na ci masa gwanjon wani bugu na zanen Dali (kwafin da aka buga a takarda) ta intanet a wani ƙaramin gidan gwanjo a Faransa, a ƙasa an rubuta 87/150 da fensir, wato kwafi na 87 cikin 150, ga kuma sa hannu. Matsalar ita ce da suka turo hoton takardar an haska ta da fitila sai na ga tambarin BFK Rives (sunan irin takardar) a cikinta da wata alama kamar 8 a kwance, kuma abin da na sani wannan alamar sai daga 1980 aka fara sa ta, su kuma sun ce bugun 1974 ne. Ga shi Dali ya sha sa hannu a fararen takardu, jabu ya cika kasuwa.

Suna ta matsa min in biya, da la'adarsu da kuɗin jirgi, nan kuma harajin kashi 15 na jira.

Ana iya fasawa bayan an ci gwanjo in an nuna musu wannan? Kuma akwai masanin da zai duba kafin kuɗi su fita? Don Allah a taimaka, maigida na jiran amsa.