Musayar Waƙa: Musa ko Yesu a Makon Ista?

Dattijo, daga Narayi:

Salama a gare ku, 'yan'uwa na Kaduna,
Ista ta ƙarato, kowa yana shiryawa.
Azumin kwana 40 ya zo gangara,
Mun ɗaga ganyen dabino muna rerawa.
A gidana akwai al'adar da ba ta tashi,
Ko da zafin bazara yana ƙonawa:
Daren Asabar, bayan an ci tuwo an sha ruwa,
Fim ɗin Musa na 1956 muke kunnawa.
Dokoki Goma ne, Amurkawa suka shirya shi,
Ya haura awa 3, amma babu mai ficewa.
In Charlton Heston ya miƙa sanda bisa teku,
Sai jikoki su yi tsit, ruwa yana darewa.
Ina tambayarku, wanne kuke kallo a gidajenku,
Kuma me ya sa kuka kasa dainawa?

Uwa a zumuntar mata, daga Sabon Tasha:

Baba, ina gaisuwa, gwiwoyina a ƙasa,
Amma ni a Ista ba na farawa da Musa.
Fim ɗin Yesu na 1979 muke kallo,
Wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka, aka mayar da Hausa.
A zamanin majigi, a filin coci aka kafa ƙyalle,
Mutanen ƙauyuka suka taho daga nesa.
Kakata ba ta taɓa shiga aji ba,
Amma da ta ji Yesu da harshen da ta sani, ta matso kusa.
Da zakara ya yi cara, Bitrus ya fita yana kuka,
Ita ma ta zubar da hawaye tana tausaya masa.
Lahadi da asuba mu mata mukan fita,
Da ganga da caki, muna ɗaga murya bisa.
Mu dawo mu dafa shinkafa da kaji,
A kai wa maƙwabtanmu Musulmi, har da masa.
Su ma idan Sallah ta zo suna aiko mana,
Wannan zumunci kuwa ya fi ƙarfin wasa.

Malamin makarantar Lahadi, daga Kakuri:

Baba da Mama, ku ba ni izini in sa baki,
Domin zancenku biyu zare ɗaya ya ɗaure.
A Littafin Fitowa sura 12 aka yanka ɗan rago,
Aka shafa jininsa a ƙofofi kafin dare.
Mutuwa ta ratsa Masar, ta ɗauki 'ya'yan fari,
Gidan da ke da jini kuwa ta ƙetare.
Wannan Idin Ƙetarewa ne a Luka sura 22,
Da Yesu da almajiransa suka ci tare.
Ya kakkarya gurasa, ya miƙa musu ƙoƙo,
Kafin a kama shi a lambu a tsare.
Saboda haka mai kallon Musa a Ista bai ɓata ba,
Ya kama hanyar da a Golgota ta ƙare.
Sai dai, Baba, soyayyar Musa da gimbiyar fada
Ƙarin masu fim ce, ya kamata a ware.
Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa,
A karanta wa yara tukuna, su san abin da za su riƙe.

'Yarku, daga Barnawa:

Malam, na karɓa, amma ina roƙon gyara ɗaya,
Hanyar nan ba a Golgota ta tsaya ba, gaskiya.
Ta bi ta kabarin da mata suka tarar a buɗe,
Ta kai Imuwasu, inda almajirai biyu ke tafiya.
Ba su gane Yesu ba sai da ya kakkarya gurasa,
Suna zaune wurin abinci bayan doguwar hanya.
Abin da ke damuna da tsarana ke nan,
Kowa ya shige ɗaki ya kalli fim a waya.
Fim ɗin Yesu yana intanet, kuma kyauta ne,
Amma babu kaka a gefe mai amsa tambaya.
Ranar Litinin muna cika wurin fita Galili, taron biki a waje bayan Ista,
A zaman kallo na gida ne muka koma baya.

Uwa a zumuntar mata, daga Sabon Tasha:

'Yata, kin faɗi abin da ke cin raina,
Ki tattaro ƙawayenki ranar Jumma'a ku zo gidana.
Bayan sujada za mu shimfiɗa tabarmi a tsakar gida,
A ajiye wayoyi a faifai, kowa ya zauna.
Malam zai karanta Fitowa, ke ki karanta Luka,
Asabar kuma mu tafi Narayi wurin Babana.
Ko an ɗauke wuta akwai mai a janareta,
Kunun aya da zoɓo kuwa suna wuyana.