Wai laifi ne ɗaliba ta yi bincike kan Maguzawa a jami'a?

Ummi_Rano:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka karanta fannin addini. Ina aji huɗu, lokacin zaɓen taken furojat ya yi sai na kai wa malamin da zai duba ni take kan yadda Maguzawa ke ɗaura aure da binne mamaci, don kakata ta wajen uwa a cikinsu ta taso kafin ta musulunta kuma har yau tana ba mu labari. Wallahi ko gama karantawa bai yi ba ya miƙo min takardata, wai me ya haɗa 'yar musulmi da kayan arna, in je in nemo wani abu kan zakka ko tarbiyyar yara. Na shiga laburare kuma kusan duk sunan da na ci karo da shi na Bature ne, Tremearne da ya rubuta kan bori a 1914, Greenberg da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da nasa a 1946. To su an bar su sun yi, ni jikar gida an hana ni? Ko dai ni ce ban gane fannin ba?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam 'yata. Na koyar shekaru kafin in yi ritaya, bari in ɗan warware miki. Karatun addini a jami'a iri biyu ne. Akwai na cikin gida, inda ake koya wa mutum addininsa don ya san hukunci, irin su fiƙihu da tafsiri a sashen nazarin Musulunci, su ma kiristoci suna da nasu. Akwai kuma wanda aikinsa ya bayyana abin da mutane suka yi imani da shi da yadda suke aikata shi, ba ruwansa da fatawa. Mu a arewa na farkon ne ya fi ƙarfi, kowa ya ja nasa sashen ya rufe ƙofa. A Ibadan tun zamanin su Parrinder da Bolaji Idowu aka haɗa Musulunci da Kiristanci da addinin gargajiya a sashe ɗaya, mujallarsu ma sunanta Orita, wato mararraba da Yarabanci. Jos ma sun bi wannan layin. Malaminki a tsarin farko ya tashi, shi ya sa takenki ya yi masa banbaraƙwai.

Abu_Hanifa99:
Ni fa ban ga laifin malam ba gaskiya, yarinya ƙarama ta je tana zama da 'yan bori ana kiɗan garaya ana hawan iska wa ya san me zai biyo ta gida, kuma shubuha ba ta sallama in za ta shiga zuciya. In dole sai ta yi ta koma sashen Hausa mana, ai can ake irin wannan. Sannan ki gyara maganarki ba Turawa kaɗai suka yi ba, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Sakkwato ya yi rubuce-rubuce kan bori da maganin gargajiya, da Hausa ma.

Maman_Ikram:
Abu Hanifa ka sake karanta abin da ta rubuta, aure da jana'iza ta ce, wa ya yi maganar hawan iska? Kuma wannan aikin ba Turawa suka fara shi ba. Biruni sai da ya koyi Sanskirit ya zauna da malaman Hindu kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, Shahrastani ya jera addinai da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya a Al-Milal wan Nihal, Ibn Hazm ma ya yi nasa a Andalus, akwai wanda ya ce sun fita daga Musulunci? Abin da ke ban haushi kenan, kullum muna kukan an yi mana tarihi a bayan idonmu amma in namu ya tashi yi mu ne masu riƙe masa ƙafa. Ko Nana Asma'u da muke tutiya da ita, ita da 'yan tarunta, wato matan da take karantarwa, da jajojin da ke jagorantarsu, sai da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara waƙoƙinta suka buga a 1997 kafin masana da yawa a waje su san girmanta. Ballantana a ce mace ce za ta yi binciken, an fara kallon ta kenan. Amma ka yi gaskiya kan Bunza.

Dan_Maradi_a_waje:
Ni ina digiri na uku a Amurka a wannan fannin, nan kullum zancen kenan a shigo da kowa a dama da kowa, kuma ba za a ce ba a motsa ba, Jacob Olupona da Ousmane Kane duk farfesoshi ne a Harvard, shi Kane ma a Kano ya yi bincikensa kan Izala. Amma ku duba, babbar ƙungiyar masana tarihin addinai ta duniya an kafa ta a 1950, ba ta kawo babban taronta Afirka ba sai 2000 a Durban. Ta masanan Afirka sai 1992 aka kafa ta a Harare. Taron shekara na masana addini na nan Amurka kuwa duk Nuwamba dubban mutane ne, sai ka ga sunan malami daga Najeriya ko Nijar a jadawali, lokaci ya yi kujerarsa wayam, ko biza ta hana ko kuɗin jirgi. Sannan duk abin da aka rubuta da Hausa ko ajami kamar ba a rubuta ba, kundaye na nan jibge a kantocin sassan Hausa ƙura na cin su, mu a Nijar ma sai ka iya Faransanci kafin ka karanta abin da aka rubuta kan borin garinku. Ƙanwata shawarata ki fara naɗar muryar kakarki a waya tun yau, da izininta, ko an karɓi taken ko ba a karɓa ba.

Ummi_Rano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na gane yanzu. Na sake zama na juya taken ya koma al'adun aure da suka rage bayan musuluntar Maguzawa, Litinin zan mayar masa in ga ko zai haƙura. Kaka kam na kira ta ɗazu, dariya ta yi ta ce sai na kawo mata goro tukuna.