Wanda ba ya aiki a lambun unguwa amma yana karɓar rabo: ina iyakar ƙauna ba tare da sharaɗi ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Anchorage na jihar Alaska a Amurka, kuma ina cikin masu noma lambun haɗin gwiwa na unguwarmu. Kowane gida yana da fangalinsa, sannan akwai yanki guda na kowa da kowa inda muke shuka dankalin Turawa da kabeji da karas, mu raba idan sun nuna. Lokacin noma a nan gajere ne, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, kuma da yake hasken rana yakan wuce awa 19 a watan Yuni, ciyawa tana tsiro da saurin da ba ya jiran kowa. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya daina zuwa ban ruwa da cire ciyawa, amma ranar rabo ba ya fashi. Wasu suna so a cire sunansa. Zuciyata ba ta yarda ba, domin na yi imani da cewa ana son mutum ko ba ya amfanar kowa, sai dai ina tsoron kada shirun da nake yi ya zama zalunci ga masu wahala. Ina neman shawararku.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Amsar tana kusa da ke, a tseren Iditarod da ake yi duk watan Maris tun 1973, inda karnuka ke jan amalanken ƙanƙara daga yankin Anchorage zuwa garin Nome da ke bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 1,600. Idan kare ya gaji ko ya ji rauni a hanya, mai shi yakan ɗauke shi ya sa a cikin amalanken, sauran karnukan su ja shi har zango na gaba, inda likitocin dabbobi za su karɓe shi a mayar da shi gida ta jirgin sama. Kare ya fita daga aiki, amma haƙƙinsa na abinci da magani yana nan. Haka kuma a Nome ana kunna fitila a bakin layin ƙarshe, ba a kashe ta sai mutum na ƙarshe ya iso, shi ma kuma akwai kyautar da ake ba shi, wato jar fitila. A ganina ku ɗauki dattijon nan kamar yadda ake ɗaukar wanda ya gaji a hanya, ku bar masa rabonsa.

Hajiya Binta:
Malam Sani, Allah Ya ƙara basira, amma ban gamsu da misalin ba. Mai tsere nasara yake nema, da kansa yake zaɓen karnuka masu ƙarfi, kuma an sha samun karnukan da suka mutu a wannan tsere, abin da ya sa masu kare haƙƙin dabbobi suka daɗe suna sukarsa. Kulawar da ka ambata doka ce ta tilasta ta, kamar yadda ta tilasta hutun awa 24 a wani zango.

Abin da ya fi kusa da tambayar shi ne abin da ya faru a farkon 1925, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓulla a Nome, teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya iya zuwa. Mutum 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin a amalanken ƙanƙara daga garin Nenana, tafiyar kilomita 1,085, cikin kwana biyar da rabi, a sanyin da ke ƙona fata. Yawancinsu ba su san yaran da ke kwance ba. Kare mai suna Togo, ɗan shekara 12, shi ne ya jagoranci ayarin matuƙi Leonhard Seppala a tafiya mafi tsawo da haɗari, amma wani kare mai suna Balto da ya shiga gari da maganin shi aka yi wa mutum-mutumi a New York. Da yawa daga cikin masu tuƙin 'yan asalin Alaska ne, kuma sunayensu ba su yi tashe ba. Saboda haka ni masu ban ruwan nake tausayi, 'yar'uwa. Su ne ke ɗauke da nauyin, kuma idan aka yi ta rabo ba tare da an ce musu sannu ba, za su watse lambun ya mutu.

Abu Khadija:
Ina ganin maganganun biyu suna iya haɗuwa. Ya tabbata a hadisi cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda yake sadawa ko an yanke masa, kuma an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wanda ba shi da abin da zai saka masa da shi. Wannan ya shafi zuciyarki da kyautatawarki, amma amfanin lambun dukiyar jama'a ce, ba ki da ikon yin kyauta da gumin wasu sai da yardarsu. Kafin a zauna a kan maganarsa, ki je gidansa da ɗaya daga cikin masu ƙorafin ku gaishe shi, domin dattijon da ya daina sunkuyawa yana iya kasancewa da ciwon baya ko gwiwa yana jin nauyin faɗa. Idan haka ne, a ba shi aikin da zai iya yi a zaune, kamar tsince iri ko rubuta jerin masu ban ruwa. Idan kuma lafiyarsa ƙalau, a gaya masa ƙa'ida cikin mutunci, sannan ki tambayi sauran ko za su amince a ware kaso ɗaya na sadaka ga duk mabuƙacin unguwa. In sun ƙi, ki ba shi daga fangalinki.