Shawarwari kan zaɓen ƙaramar eriya mai fuskantar gefe ɗaya

Masu rediyon sha'awa, wato masu aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don nishaɗi, da suka daɗe a harkar sun fi jaddada abu guda: kafin ka kalli kowace eriya, auna filinka da tsayin da za ka iya kafa sanda. A zangon mita 20, wato zangon rediyo da tsawon igiyar siginarsa ya kai kamar mita 20, eriya na buƙatar tashi kamar mita 10 daga ƙasa kafin ta aika sigina nesa yadda ya kamata. Idan ta yi ƙasa, tsadarta ba za ta cece ta ba.

Hexbeam, eriyar waya mai kusurwa shida da ke kama da lema a kife, ce ta fi samun yabo. Ba ta da nauyi, iska ba ta cika wahalar da ita, ƙaramin injin juyawa ya ishe ta, kuma guda ɗaya na iya ɗaukar zango shida, daga mita 20 zuwa mita 6. Moxon kuwa, eriya mai siffar murabba'i mai tsawo, ta fi sauƙin haɗawa da hannu, tana toshe hayaniyar da ke zuwa ta baya sosai, amma yawanci zango ɗaya take yi.

Inda aka fi jan kunne shi ne kan ƙananan Yagi (eriya mai sandunan ƙarfe jere a gicciye kan sanda ɗaya) da aka gajarta da naɗin waya. Suna aiki, sai dai faɗin zangon da suke karɓa kan ragu, wani ƙarfin kuma yakan ɓace a matsayin zafi. 

Wajen kwatanta alkaluman kamfanoni, duba ko dBi aka rubuta ko dBd, wato ma'auni biyu na ƙarfin eriya, domin ga eriya ɗaya adadin dBi ya fi na dBd da 2.15.