Wai a Ireland mace ke biyan sadaki

Gwauron Fagge: Salam jama'a. Ni yau raina a ɓace yake, don kawai na je wajen mai dalilin aure shi ne abokai suka sa ni gaba wai na zama ɗan ƙauye. To Turawan da kuke ganin sun waye fa? A Ireland akwai wani ɗan gari Lisdoonvarna a yankin Clare, duk watan Satumba ake taron haɗa aure tun zamanin da manoma ke zuwa neman mata bayan girbi, har yau akwai wani dattijo Willie Daly da ya gaji sana'ar tun daga kakansa, yana da wani tsohon littafi da ake taɓawa wai don a dace. Kuma a da can ma mace ke biyan sadaki.

'Yar Zazzau: Sadaki kuma? Malam gyara zancenka. Sadaki haƙƙin mace ne, miji ke bayarwa.

Gwauron Fagge: Hajiya ni maganar dalilin aure nake.

Ɗan Tsangaya: Tana da gaskiya, kar a riƙa wasa da kalmar shari'a. Uban yarinya ne ke ba gidan ango kuɗi ko shanu, wannan ai gara ce.

'Yar Zazzau: Gara kuma? Gara abinci ne, shinkafa da mai da dubulan. Ka taɓa ganin an kai saniya a gara?

Baban 'Yan Biyu: Ni abin da na karanta, kuɗin ma ba a hannun ango suke zama ba, uban ango ne ke karɓa ya sakar wa ɗa gona, sai a aurar da ƙanwar ango da su. Kafin nan sai uban amarya ya zo ya zaga gonar da ƙafarsa ya ƙirga dabbobi, kar a ce an aro na maƙwabta. Bayan babbar yunwar da ta faɗa wa Ireland a 1845 aka daina raba gona, ɗa ɗaya ke gada, shi ya sa tuzurai suka yi musu yawa.

Ɗan Tsangaya: To ka ji, adashi ne kenan ba sadaki ba.

Maman Ikram: Ku maza ba ku da bakin magana, kayan ɗakin da muke yi ya ninka lefenku, gado, kujeru, firij, har labule. Balle Kanawa da sai an auna ɗaki.

Gwauron Fagge: Me ya kawo Kano nan kuma?

'Yar Zazzau: Kai ka kawo ta da sunanka.

Wani Bawan Allah: Ireland ɗin ba cikin Ingila take ba?

Baban 'Yan Biyu: Kar ka bari ɗan Ireland ya ji ka.

Admin: To ya isa haka. A taƙaice an yarda ba sadaki ba ne, kuma an yarda iyayen mace ne ke shan wahalar aure ko a Turai ko a nan, ni da na aurar da mata uku na san abin da nake faɗa. Maganar Kano kuma kowa ya san gaskiya ce. Na rufe.

Gwauron Fagge: Waye ya yarda? Kuma ba wanda ya amsa min tambayata fa.